Aikin da ke Ɓacewa Ranar Laraba

Shekarar da nake aji biyu na babbar sakandare, a zango na biyu, malamin kwamfuta ya ce ni maƙaryaciya ce. A gaban 'yan ajinmu ya faɗa, bai ko ɗaga murya ba, yana ma juya makullai a yatsa. Ni kuwa a lokacin ko rajista ake kira sai an maimaita sunana kafin a ji amsata. Amma ban yarda ba, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ban yarda ba.

Ɗakin kwamfutarmu dogo ne, kujerunsa layi biyu. Layi ɗaya yana bin tagogi, ɗayan yana bin bangon da ƙofa take. Gaban kowace kujera akwai allo da madannai da linzami, wato maus, sai wani ɗan baƙin akwati da bai wuce sabulun wanki girma ba, an ɗaure shi a bayan allon. Ranar farko Malam ya gaya mana cewa waɗannan ba su ne kwamfutar ba. Ta gaske tana cikin kabad ɗin ƙarfe da ke ƙuryar ɗaki, ana ce mata saba, ita ke yin aikin duka, mu dai allunan ke nuna mana abin da take yi. Ya ba kowa sunan shiga da kalmar sirri a guntun takarda.

"Kowaccenku tana da jaka a cikin sabar nan," in ji shi. "Furofayil ake ce mata. Duk kujerar da kika zauna kika sa sunanki, jakarki za ta biyo ki da duk abin da kika ajiye a ciki."

Malam ba mutumin nan ba ne, Hausarsa ta gabas ce, 'yan ajinmu har kwaikwayonsa suke yi in ya ba da baya. Dokokinsa uku ne. Kada a taɓa kabad. Duk wani ɗan rubutu da ya leƙo a kusurwar allo a rufe shi, surutun na'ura ne. In an kaɗa ƙararrawa kuma, ki ajiye aikinki, ki danna maɓallin ɗan akwatin allo ya mutu, ki fita. Ba ya son a tsaya latse-latse, domin wani aji yana bakin ƙofa yana jira cikin rana. Sabar ita ba ta mutuwa, batiran sola ke riƙe da ita tun Litinin. Sai ranar Juma'a kafin ya tafi masallaci yake kashe komai don batiran su huta.

A wannan zangon aka ba mu aikin da za a tace mu da shi. Kowa za ta buga shafi shida a kan wata sana'a ta unguwarsu. Waɗanda suka kammala su za a yi wa rajistar darasin kwamfuta a jarrabawar fita, sauran a mayar da su wani darasi. Ni ina so, so ba ɗan kaɗan ba. A duk makarantar nan kwamfuta ce kaɗai ba ta taɓa ce min in ɗaga murya ba. Na zaɓi jima da dukanci, sana'ar kakana. Asabar biyu na je wurinsa da littafi, yana faɗa ina rubutawa: yadda ake jiƙa fatar akuya, yadda ake tuje gashin, bagaruwa nawa ake dakawa, yadda karan dafi ke ba ta ja.

Ba wanda ya raba mana kujeru, amma kowa tana da tata. Masu baki sun kama layin taga tun makon farko, inda iska ke shigowa. Ni da ban iya turereniya ba na samu ta ƙarshe a layin ƙofa, wadda dogon madanninta na tazara yake maƙalewa sai an ɗago shi da farce. Sau biyu muke shiga a mako. Ranar Litinin darasin farko ne, a lokacin firifet ɗin makara, wadda 'yar ajinmu ce, tana bakin get tana tare waɗanda suka makara, kujerarta ta bakin taga babu kowa, sai in lallaɓa in zauna. Ranar Laraba bayan hutun tara muke shiga, tana nan. Larabar farko da na manta na zauna mata, ƙwanƙwasa bayan kujerar kawai ta yi da rula, na kwashi littafina na koma wurina.

To ranar Laraba ne abin ke faruwa. In na sa sunana a layin ƙofa, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa ya daɗe, sannan allon ya buɗe shuɗi fayau kamar ranar da aka fara ba mu. Ni kuwa kore na sa wa nawa. Fayil ɗina babu shi. Karon farko na ɗauka ni ce ban ajiye ba, na ji kunya, na buɗe sabon shafi na ci gaba daga inda na tsaya a littafi, na ajiye har sau uku. Litinin ta zo, korena ya dawo, aikin Litinin da ta wuce yana nan ko wasali bai ɓata ba. Na Laraba kuwa ko alamarsa.

Mako na biyu na yi ƙarfin hali na ɗaga hannu. Hannun ya gaji kafin Malam ya gani. Ya zo ya dubi allon babu komai.

"Kin goge ke nan, ko kin ajiye a wani wuri. Nemo."

Na nema har aka kaɗa ƙararrawa. Ranar Litinin ya zo da kansa ya tsaya a kaina, na shiga, ga fayil zaune.

"Kin gani? Ga aikinki nan. Na'ura ba ta cin aikin mutum."

Ranar Laraba ta mako na huɗu ya bi kujera kujera yana ƙirga shafuka. Masu huɗu, masu biyar, firifet har ta cika shida. Ni allona shuɗi ne, biyu da rabi gare ni a fayil ɗin Litinin. Na ce masa aikin Laraba ne ke ɓacewa. Sai da ya sunkuyo ya ce in maimaita. Da na maimaita ya miƙe ya faɗa yadda kowa zai ji, cewa ɗalibai talatin ba wadda aikinta ke ɓacewa sai ni, cewa ya san irinmu masu shiru-shiru, ranar Laraba zane-zane nake yi, ƙarya nake. Ya ce in rubuto takarda in amsa cewa wasa na yi, in ba da haƙuri, a sa hannu daga gida, sai ya ƙara min mako guda. In Laraba mai zuwa ban kawo ba, ba sunana a rajista.

Da la'asar na sami Inna a kan keken ɗinki, tana haɗa wuyan wata riga. Na gaya mata duka, ita ce kaɗai nake iya yi wa doguwar magana.

"To mi za ki rasa in kin ba shi haƙuri?" ta ce, ba ta tsayar da ƙafa ba. "Malaminki na."

"Ba haƙuri shika so ba, Inna. So shikai in ce na yi abin da ban yi ba."

"Wata ƙila kin manta ba ki aje ba."

"Na aje. Sau uku-uku nika ajewa."

Ta tsayar da keken ta dube ni ta saman tabarau. "Ke da ko baƙo ya yi sallama sai a neme ki bayan labule, ke ta za ki ja da malami?"

"Ba ja nikai ba. Ba ni dai rubutawa."

"Kan ga naki na kakanki na, wallahi." Ta ciji zare ta tofar. "In kin rubuta in sa miki hannu. In ba ki rubuta ba, sai ki san abin da za ki hwaɗa mishi, don ni ba ni zuwa makaranta in tsaya ina kallon ƙasa tare da ke."

Abin da zan faɗa masa shi ne ba ni da shi. Abin da nake da shi guntaye ne, na zauna a tabarma na tattara su a bayan littafi.

Na farko, akwai Laraba ɗaya da aikina bai ɓace ba. Ranar wata 'yar layin taga tana gida da zazzaɓi, na zauna a wurinta. Ina sa sunana allon ya buɗe nan take, kore, kuma fayil ɗina a buɗe yake, ɗan sandan rubutu yana ƙiftawa a tsakiyar kalmar da ƙararrawar Litinin ta katse min. Ni ban buɗe shi ba. Ke nan tun Litinin bai rufu ba.

Na biyu, ɗan rubutun nan na kusurwa. Ranakun shuɗin allo kaɗai yake fitowa, ya ɗan jima ya ɓace. Doka ta ce a rufe, ni kuwa ban iya ganin rubutu ban karanta ba. Laraba biyu na yi ina kwafe shi, rabi wannan mako rabi wancan, domin da Turanci yake kuma ba ya jira. Na duba ƙamus ɗin yayata. Abin da yake cewa shi ne an shigar da ni da jakar wucin gadi, ba zan ga kayana ba, kuma duk abin da na ajiye za a share shi.

Na uku ban same shi ba sai ranar Juma'a. Na karɓi sharar ɗakin kwamfuta daga hannun wadda ke da ita, ta ba ni tsintsiya da murna. Mai yawan kallon ƙasa ta san ƙasa. Na daɗe da lura wayoyin da ke ƙarƙashin teburan taga shuɗaye ne, na layin ƙofa kuma ruwan toka, ban dai taɓa tunanin dalili ba. Na bi su da tsintsiya har ƙurya. Kowace kala ramin da take shiga kabad daban. Ban taɓa kabad ba, doka ta hana taɓawa, ba ta hana leƙe ba. Ta ramukan shan iska na ga akwatuna biyu, ɗaya bisa ɗaya, kowanne da fitilunsa, shuɗayen wayoyi a na sama, masu ruwan toka a na ƙasa. Ashe saba biyu ce.

A keke napep, hanyar komawa unguwarmu Runjin Sambo, matse tsakanin wata mata da buhun albasarta, abin ya haɗu a kaina. Jakata ɗaya ce. Ranar Litinin sabar taga ke ɗaukar ta. In na danna maɓalli allo ne kawai ke mutuwa, ita sabar ba ta san na tafi ba, tana nan riƙe da jakar tana jira na. Ranar Laraba in na je layin ƙofa, sabar can ta nemi jakata a hana ta, sai ta ba ni ta aro, wadda ba komai a ciki. Ranar Juma'a Malam ya kashe komai, a zazzage ta aron. Sauran 'yan aji ba wadda ke canja layi, kullum wadda ke riƙe da jakarsu suke koma wa. Ni kaɗai ce ake tayarwa.

Tunani ne kawai, sai na gwada. Ranar gwaji ɗaya gare ni, Litinin, kuma gwajin zai cinye min darasin da ya kamata in ƙara shafi. Na ce ya cinye.

Na shiga a kujerar taga, kore. Na danna maɓalli, na miƙe. A ɗakin nan ba a tashi in an zauna. Tsakanin layi biyun taku biyar ne, na ji kamar daga gida zuwa Hubbare. Na zauna a kujerata ta ƙofa na sa suna. Zobe ya yi ta juyawa. Shuɗi, da ɗan rubutunsa a kusurwa, ranar Litinin kuwa. Na sake miƙewa na koma taga.

"Mi kika talla?" wata ta ce ƙasa-ƙasa. "Kawo mu gani in da yaji."

"Sintiri ta kama, an ba ta aikin gadi."

Korena yana nan. Yanzu saura in gaya wa sabar na tafi. A kusurwar da aka hana mu latsawa, ƙarƙashin hoton ɗan mutum mai sunana, na sami inda ake fita. Na danna. Ya ɗan jima yana rufe-rufe, ya mayar da ni wurin sa suna. Na miƙe karo na uku.

"Ke," in ji Malam daga teburinsa. "Kasuwa ce nan?"

Ban tsaya ba. A layin ƙofa sai da na fara fita daga jakar aron ita ma, sannan na sake shiga. Allon ya buɗe kore. Fayil ɗina, shafi biyu da rabi, a kujerar da madanninta ke maƙalewa. Na zauna ina kallonsa har aka kaɗa ƙararrawa.

"Jibi ne fa," Malam ya ce da na zo wucewa. "Takarda."

Na san in na tsaya gaban teburinsa zan yi bayani, muryata za ta shige ciki, ya ce in maimaita, aji ya yi dariya, magana ta mutu. Muryata ba ta kai wa teburinsa. Amma na san wadda tata ke kaiwa har ofishin shugabar makaranta.

Ranar Laraba ban ci komai a tara ba. Na riga kowa shiga na zauna a kujerar firifet, na ɗora hannuwa a cinya. Ta zo ta ƙwanƙwasa da rula. Na dubi madannai.

"Ke, tashi."

"Ba ni tashi."

"Mi kinka ce?"

"Ba ni tashi."

Ta juya ta dubi ƙawayenta tana dariya. "Ku ji min kurma ta yi magana. Yau ko ruwa za a yi cikin bazarag ga." Sannan ta ɗaga murya. "Malam, ga wata nan ta hau min kujera ta ce ba ta tashi."

Ya taso yana juya makullansa. Da ya ga ni ce sai ya miƙo hannu. "Takardar."

"Ban rubuta ba, Malam."

"To kin yanke wa kanki hukunci. Tashi ki ba ta wuri."

"Malam, a gwada da wata."

"A gwada me?"

Ɗakin ya yi tsit har ana jin kukan kabad. Ban ɗaga murya ba, shirun ne ya ɗauke ta. Na ce saba biyu ce, ta taga da ta ƙofa. Na ce maɓalli allo kawai yake kashewa. Na ce duk wadda ta shiga a layi ɗaya ta danna maɓalli ta koma ɗaya layin, ba za ta ga aikinta ba, ko wace ce. Na buɗe bayan littafina na nuna masa rubutun da na kwafe. Bai karɓa ba.

"Na san saba biyu ce, ni nake kunna su. Ke za ki koya min ɗakina? Wa ya ce ki leƙa kabad?"

"Ba a hana leƙe ba, Malam."

Wata ta yi dariya ta mayar da ita tari.

"Bari in gwada mata, Malam, mu huta," in ji firifet. "In dai za ta ɗaga min daga kujera."

Na tashi. Ta zauna tana gyara hijabi, ta shiga, ta buɗe aikinta a kan masu kilishi, ta jujjuya shafukan shida don kowa ya gani. Na ce ta danna maɓalli. Ta danna. Na nuna mata kujerata a layin ƙofa. Ta tafi tana kaɗa rula, ta share kujerar da gefen hijabi kafin ta zauna. Zobe ya fara juyawa. Rabin aji sun miƙe. Ni ina tsaye wuri ɗaya, ina tunanin in ya buɗe mata daidai to na gama.

Ya buɗe shuɗi.

Ta matsa linzami sama da ƙasa. Ta buɗe nan ta buɗe can. "Malam, aikina. Malam, shafi shidda na." Ta juyo kaina, dariyar ta tafi. "Wallahi in aikina ya ɓace sai kin san ni. Mi kinka yi mishi?"

"Shina can. Koma ki gani."

"Dakata," in ji Malam. Ya sunkuya. Ɗan rubutun ya leƙo a kusurwa, hannun firifet ya tafi zai rufe kamar yadda aka koya mana, ya riƙe linzamin. Ya karanta, leɓɓansa na motsi. Ya sake karantawa har ya ɓace.

Ta koma taga da sauri, rular ma a can ta bar ta. Shafi shidanta suna nan a buɗe. Ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ta sauke ajiyar zuciya. Na nuna wa Malam inda ake fita, da yatsa, ban taɓa allon ba. Ya sa ta fita ta nan, ta je layin ƙofa ta fita daga ta aron, ta sake shiga. Kilishinta ya biyo ta.

Malam ya miƙe. Ya je ƙurya ya buɗe kabad, karo na farko da muka ga cikinsa. Akwai ɗan allo a ciki. Ya latsa wasu abubuwa, sai ga sunaye jere, namu da na wasu azuzuwan da suka fita tun jiya da shekaranjiya, duk sabar tana riƙe da su a matsayin ba su tafi ba. Ya daɗe yana gangarawa.

"Wanda ya haɗa abin nan bai gaya min haka ba," ya ce, kabad ɗin yake gaya wa.

Na bi shi har can. Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni ba. "Malam, aikina na Laraba fa?"

"Wannan ya tafi. Ba inda za a samo shi."

Na sani tun a keke. Laraba uku, kusan shafi huɗu, da farce nake ɗago madanni bayan kowace kalma.

Ya rufe kabad ya juyo ga aji. Ya ce daga yau ba mai danna maɓalli sai ta fita ta kusurwa, ya nuna yadda ake yi a allon wata, kamar abin da ya daɗe yana shirin koya mana. Kalmar da ya jefe ni da ita a gaban aji bai ɗauke ta a gaban aji ba, bai kuma ɗauke ta a bayan aji ba. Da kowa ta koma aikinta ya kira ni teburinsa.

"Kina da ragowar darasin yau, da gobe da jibi lokacin tara. Kafin in kashe ranar Juma'a in ga shida. Takarda kuma za ki kawo, ko layi biyu ne. Firifet ta ba ki umarni kin ƙi, na ba ki kin ƙi."

"Wannan zan rubuta, Malam, don ya faru. Waccan ba zan rubuta ba."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. "Je ki zauna."

Tara biyu da ragowar darasin Laraba ba su isa shafi uku da rabi ba ga mai buga rubutu da yatsa huɗu. Ranar Alhamis na shiga da ƙosaina a leda, ban buɗe ba har aka koma aji. Abin da ya cece ni shi ne na riga na buga waɗannan shafukan sau ɗaya, wasu ma sau biyu, yatsuna sun san hanya. Ranar Juma'a ana kaɗa ƙararrawar ƙarewar tara ina tsakiyar shafi na shida. Ban tashi ba. Darasin lissafi ya wuce ni, na san za a tambaye ni, na ce a tambaya. Malam yana teburinsa yana ganina, bai ce in fita ba, bai ce in zauna ba.

Da na gama ya jawo kujera ya karanta tun daga farko. Ya gyara min waƙafi biyu. Ya tsaya a wurin rini.

"Karan dafin nan, dawa ce?"

"Irin dawa ce, Malam, amma ba don ci ake shuka ta ba. Ɓawon karan ake so."

"Hm."

Na miƙa masa takardar. Inna ta sa hannu da safe, bayan ta karanta ta ce Allah shi shirya. Layi biyu ne kamar yadda ya ce. Na rubuta cewa ranar Laraba firifet ta ce in tashi daga kujera na ƙi, Malam ya ce in tashi na ƙi. Sai sunana da ajina.

Ya juya bayanta ko akwai ci gaba. "Ina ban haƙurin?"

"Abin da ya faru ke nan, Malam."

A waje an fara jin lasifikar masallacin Juma'a ana gwada ta. Ya dubi agogo, ya dubi takardar. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba. Sannan ya jawo takardar rajista daga ƙarƙashin littafin darasi, ya cire murfin biro da haƙori, ya tambaye ni yadda ake rubuta sunan mahaifina. Na faɗa masa harafi harafi, bai ce in maimaita ba.